Yadda za ku yi in sikane ya nuna timus ya kumbura ga mai cutar Bazdo

Ƙanwata ce ta sa na rubuta wanga. Tana ci amma sai ramewa take, zuciya na dukan uku-uku, zufa ko da hunturu, ido sun fiffito ga ɗan maƙoƙo a wuya, da aka yi mata sikane na ƙirji nan Maradi sai aka ga ƙulli bayan ƙashin ƙirji inda timus yake, gida ya rikice kowa na faɗin ciwon kansa (daji) ne a yi aiki. Don Allah kar ku yi wanga gaggawa.

Da fari dai ku koma wajen likita ya rubuta analiz ɗin jini, TSH da T4 masu nuna aikin tiroyid, wata halitta da ke gaban wuya, da TRAb mai nuna cutar Bazdo in da hali. In TSH ta faɗi ƙasa T4 ta hau to tiroyid ce ke aiki fiye da kima. Cutar Bazdo garkuwar jiki ce ke zuga tiroyid, kuma cutar kan kumbura timus, wata 'yar halitta da ke gaban zuciya inda sojojin jini ke koyon aiki tun ƙuruciya. Yawanci irin wanga kumburi ba ciwon kansa ba ne, shi ya sa za ku kai wa likita sikanen ya duba sifar ƙullin da kyau.

Sai magani. Karbimazol ake badawa, a farmasi za ku ji ana ce masa Neo-Mercazole, ana sha kamar wata 12 zuwa 18, a haɗa da propranolol don bugun zuciya. Kar a bari don an ji sauƙi, nan ne mutanenmu ke kuskure wallahi. In zazzaɓi da ciwon maƙogwaro suka zo lokacin shan shi a tsaida a je a auna jini ranar nan, kar a ce masassarar sauro ce kawai. Mai juna biyu ko mai neman ciki ta faɗa wa likita tun farko.

Bayan kamar wata 6 da daidaita tiroyid a sake sikane, galibi timus ɗin ya sabe. In bai ragu ba, ko fatar ido na saukowa, ana ganin abu bibbiyu, haɗiya na wuya, a koma lopital da sauri, lokacin ne ake maganar ƙarin bincike ko aiki.