Na'urar ƙara rezo a gida: wadda ake iya saurare da ita, da yadda za ka tsare ta

Kafin komai, juya na'urar ka duba bayanta. Idan wayoyin eriya biyu ne kawai ke shiga, ɗaya daga rufi ɗaya zuwa ɗaki, amfili ce.  Aikinta ɗaga sigina kawai, ba ta buɗe abin da ke ciki. Idan kuwa tana da kafar wayar intanet, femtosel ce, wato ƙaramar hasumiyar waya a cikin ɗaki, kuma a nan haɗarin yake.

Wayarka tana kulle kira, wato ta mai da shi lambobin sirri, ta aika wa femtosel, ita kuma ta buɗe shi a cikinta, ta sake kullewa ta tura wa kamfani ta intanet. Duk wanda ya mallaki cikin akwatin yana zaune daidai inda maganar take a buɗe. A 2011 ƙungiyar masu kutsen kwamfuta ta THC ta nuna hakan a kan Sure Signal, femtosel ɗin kamfanin waya na Vodafone a Ingila. A 2013 Tom Ritter da Doug DePerry na kamfanin tsaron kwamfuta iSEC Partners suka shiga femtosel ɗin kamfanin waya na Verizon a Amurka ta kafar HDMI, suka naɗi kira da saƙonnin SMS. Kamfanonin sun toshe ramukan da sabunta manhaja, amma akwatin da ya daɗe a ajiye bai sami gyaran ba. Kuma waya ba ta neman izininka, inda sigina ya fi ƙarfi take bi, har wayar baƙo da ta maƙwabci.

Saboda haka kada ka sayi femtosel ta hannu, komai arharta. Karɓa daga kamfanin layinka, ka bar ta a kunne da intanet don ta riƙa sabunta kanta. Ajiye ta a ɗaki mai kulle, ba a zaure ko kan teburin shago ba. Idan ka ga an taɓa kusoshi ko an yage tambarin murfinta, cire ta. Idan tana da shafin saiti, sauya kalmar sirrin da ta zo da ita, ka taƙaita ta ga lambobin mutanen gida.

A wayar kanta, wasu masu Android 12 zuwa sama suna da maɓallin kashe 2G, tsohon tsarin rezo da kullensa ya tsufa; sai dai a ƙauyen da 2G kaɗai ke kamawa dole ka kunna shi. Maganar kuɗi a yi ta a WhatsApp ko Signal, domin kullensu daga waya zuwa waya yake. Lambar tabbatarwa da ke zuwa ta SMS ba ta da wannan kariyar.

Amfili ita ma tana da nata laifi. Idan eriyoyin biyu suka yi kusa, sai ta riƙa jin kanta kamar lasifikar masallaci da aka kusanta wa makirfo, ta dagula rezon unguwa. Raba su da kamar mita 6 a tsaye, ta waje ta juya wa ta ciki baya, kuma ka tambayi kamfaninka ko ARCEP, hukumar kula da sadarwa ta Nijar, ta amince da samfurin kafin ka ɗora.