Yadda ake samo hanyar hawan keke da kare a kewayen Yamai

A ƙasashen Turawa, mai son fita daji da keken hawan dutse da karensa yakan duba allon da ke bakin hanya, ko ya buɗe manhaja a waya, ya ga inda aka yarda a shiga da kare da inda aka hana. Mu nan Yamai ba mu da wannan allo. Kowace hanyar da ka gani a bayan gari tana da masu ita: ta masu gona ce, ko ta makiyaya, ko ta mata masu zuwa itace. Saboda haka kai za ka samo hanyarka da kanka, kuma da ƙafar karen ake auna ta, ba da tayar keke ba. Keke mai giya da taya mai kauri zai bi kusan ko'ina. Kare kuwa ba shi da takalmi, kuma ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa.

Mataki na 1: Ka fara da karen

Kwikwiyon da bai cika shekara ba, ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba, dogon gudu yana lalata masa gaɓoɓi. Karnuka masu girman jiki ma gara a jira su kai wata 18. Tsohon kare, da mai ƙiba, da irin na waje masu gajeren hanci ko gashi mai yawa, ka bar su a gida. Karnukanmu na gida masu siririn jiki da dogayen ƙafafu, har da ɗan asalin Azawak da ake samu a arewacin Tahoua, sun fi kowa jure zafin nan, sai dai jinin farauta ne da su: zomo ko zabuwa ta gifta, ba ka sake ganinsu.

Ka kai karen wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafin haukan kare, a ba ka takardar, ka ɗauki hotonta a salularka. A haɗa da maganin kaska da na tsutsar ciki. Kafin ya ga daji kuma, ya zama ya san abu uku: ya zo in an kira shi, ya tsaya in an ce tsaya, ya bi gefe ɗaya na keken. Gefen dama ya fi, don ya yi nesa da motoci.

Mataki na 2: Duba taswira, ka ja iyaka

Buɗe hoton tauraron ɗan adam a Google Maps. Fari-fari ko ruwan ƙasa mai haske yashi ne, ja mai duhu marmara ce ta kan tudu, layin kore mai lanƙwasa kori ne ko fadama. Siraran layuka farare da ke haɗa ƙauye da ƙauye su ne hanyoyin ƙafa da na amalanke, kuma su kake nema. Manhajoji irin su OsmAnd suna aiki ko babu intanet in ka riga ka sauke taswirar. A manhajar Wikiloc ko ta Strava kana iya tarar da sawun da wasu suka bari, amma ka dubi shekarar da aka yi shi. Hanyar da aka bi lafiya shekarun baya ba lalle ne a bi ta yau ba.

Nan maganar tsaro ta shigo, kuma ba abin wasa ba ce. Jihar Tillaberi ce ta kewaye Yamai ta kowane gefe, kuma an kafa dokar ta-ɓaci a sassanta da yawa tun 2017. Harin da aka kai a yankin raƙuman dawa na Kure ranar 9 ga Agusta 2020, kilomita 60 ne kawai daga birni. Shawarata, ka tsaya cikin shingayen binciken da ke mashigar gari, kada ka nausa hanyar Torodi ko ta Say don neman wurin da babu kowa. Ka kauce wa kewayen filin jirgin Diori Hamani da barikin Tondibiya, kada kuma ka ɗaga waya kana hoto kusa da su. In kana ajiye sawunka a manhaja, ka rufe shi kada kowa ya gani, don yana nuna ƙofar gidanka da lokacin fitarka.

Mataki na 3: Zaɓi irin ƙasar

Wurare iri huɗu ne mai keke zai samu kusa da gari, kowanne da halinsa.

Akwai dajin dogon yaro da aka fara dasawa a 1965 don ya kewaye birnin ta arewa da gabas. Inuwarsa ita ce amfaninsa, ga shi kusa. Aibinsa shara: wasu sassan sun zama juji, da fasassun kwalabe da gwangwani da mushe. Kare ba ya wuce mushe bai tsaya ba. In nan ka zaɓa, sai ka nemo tsagin da yake da tsabta, ka riƙe shi da igiya.

Akwai bakin kogi, wajen garake na Yantala da Gamkale, da kan madatsun gonakin shinkafa na Saga da Kirkisoy. Ƙasar a shimfiɗe take, mai laushi, ta dace da karen da ke koyo. Amma fa wurin neman abincin mutane ne. Kare ya tattake wa mutum fangalin salati, ka jawo wa kanka magana. Ka tuna kuma kogin nan sau biyu yake cika: a Agusta da Satumba da ruwan damina, sannan wajen Disamba zuwa Fabrairu in ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gini ya iso. Hanyar bakin gaɓa da ka gani a taswira tana iya kasancewa cikin ruwa a tsakiyar hunturu. Akwai dorina a kogin, don haka kada ka saki kare ya yi iyo inda ba ka ga masunta suna harkarsu ba. Kai ma kada ka tsoma ƙafa a magudanan shinkafa, saboda tsargiya.

Akwai tuddan Harobanda, in ka ƙetare gadar Kennedy ka wuce jami'ar Abdou Moumouni, wajen duwatsun nan uku da ake hangowa daga gari. Nan ne daɗin hawa yake, da gangara da kwana, nan ne kuma ƙafar kare ta fi shan wuya. Tsakuwar marmara tana goge tafin ƙafarsa sannu a hankali har fatar ta saɓule, shi kuwa ba zai nuna maka ba sai kun dawo gida. Babu inuwa sai geza da sabara. Kada ka fara da nan, kuma ka tambayi mutanen unguwa iyakar inda ake zuwa a yanzu.

Na huɗu shi ne cikin kori. Yashin yana yi wa kare daɗi, yana kashe mai keke. Da damina kuwa kada ka shiga ko da sama fes take a kanka, ruwan da aka yi can nesa yana gangarowa ba sallama.

Mataki na 4: Je kai kaɗai tukuna

Wannan shi ne matakin da mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙin aikin. Ka bi hanyar daga farko har ƙarshe babu karen, a daidai lokacin da kake son ku riƙa fita. Sauka daga keken nan da can ka dubi ƙasa. Ƙarangiya tana liƙe wa kare tsakanin yatsu da hammata, ta fi yawa daga ƙarshen damina zuwa hunturu. Tsidau ya fi ta mugunta, yana huda tafin ƙafa yana huda taya. Gindin aduwa da bagaruwa cike yake da ƙaya. In ka dawo ka tarar da tayarka ta kwaso ƙaya, to ka san abin da zai sami ƙafar karen. Tarin duwatsu da tsofaffin ramuka kuma gidan kububuwa ne da kunama, ka lura da inda suke don ka janye shi kusa da kai a wurin.

Ka ƙirga inuwa: kowane kilomita biyu ko uku ya zama akwai itacen da za ku tsaya. Ka san inda hanyar ta haɗu da kwalta, don in kare ya gurgunce ka san ta inda za ka samu abin hawa. Hanyar da ke zagayowa ta dawo inda ta fara ta fi miƙaƙƙiya, don ba ka yin nisa da gida.

Sannan ka gaisa da mutane. Da ɗan gari kan ci gari. Ƙauyukan kewayen Yamai galibi na Zabarmawa ne da Fulani, gaisuwa da harshensu ko kalma biyu ce tana buɗe ƙofa, kuma da yawa suna jin Hausa. Ka sami dattijon da ke bakin gona ka ce, "Baba, ina so in riƙa bi ta nan da kare a ɗaure, akwai damuwa?" Shi zai gaya maka inda burtali ya ratsa, da rugar da karnukanta ba su da kirki, da gefen da maƙabarta take. Malamanmu na Malikiyya suna ɗaukar kare mai rai a matsayin mai tsarki, amma wannan bai sa jama'a su so ya shinshina musu tufa ba. Masallaci, da rijiya, da makarantar allo, ka kewaye su daga nesa.

Da damina gonakin hatsi da wake suna rufe hanyoyi da yawa. Bayan girbi kuma, in hukuma ta sanar da sakin gonaki, garkunan shanu da tumaki ne ke cika su. Makiyayin da ya ga baƙon kare ya kori tumakinsa ba zai tsaya tambayar mai shi ba.

Mataki na 5: Lokaci da ruwa

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin wannan harka. Safiyar Janairu takan sauka ƙasa da digiri 20, rana kuma ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 7, don haka wanda ya fita bayan sallar asuba yana da sarari. Ranar da ƙurar hunturu ta rufe gari ku zauna gida. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, keken ya fita shi kaɗai. Ko yamma ba ta da tabbas, don ƙasa tana riƙe zafin yini. Ɗora bayan hannunka a ƙasa ka ƙirga bakwai, in ba ka iya jurewa ba, shi ma ba zai iya ba.

Ka ɗauki ruwansa dabam da naka, da ɗan kwano, ka ba shi kaɗan-kaɗan duk minti 15 ko 20. Kada ya sha na kududdufi. Kada kuma ka cika masa ciki da abinci kafin fita.

Mataki na 6: Fitar farko

Kilomita biyu ko uku sun isa. Ka tuƙa a saurin da karen zai riƙa sassarfa, ba sukuwa ba. Kada ka ɗaura igiyar a kan keken, wato inda kake riƙewa, fizga ɗaya ta kayar da kai. Ana ɗaura ta ƙarƙashin sirdi, a jikin ɗan ƙarfe mai sifirin da ke miƙewa gefe, mai walda a kasuwar Katako zai ƙera maka in ka zana masa. A jikin karen kuma ɗamarar ƙirji ake sa wa, ba igiyar wuya ba.

Idonka ya zauna a kansa. Harshe ya yi faɗi ya zazzalo sosai, yawu ya yi kauri, dasashi ya yi ja wur, ya fara ja baya ko neman inuwa: tsaya nan take. Kai shi inuwa, jiƙa masa ciki da hammata da ƙafafu da ruwa mai sanyi, ka yi masa fifita. In ya yi tangaɗi ko amai, sai wurin likita, ko da ya nuna ya warware. In kuma wani kare ya ciji ɗayanku, a wanke ciwon da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti ranar nan.

Kuna dawowa ka kwantar da shi, ka buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ka duba kunne da wuya saboda kaska. Washegari ka kalli tafiyarsa. In ya tashi garau, bayan mako guda ka ƙara kilomita ɗaya. In yana ɗingishi ko lasar ƙafa, ba shi hutu sai ya warke, sannan ka koma hanya mai laushi ta bakin kogi.