Yadda ake toshe ƙofofin kutse a na'urorin masana'anta

Sabon injiniya in aka damƙa masa tsaron matatar ruwa ko masana'anta, hannunsa na rawa zai jona kwamfuta ya saki manhajar binciken layi ta Nmap don ya lalubo na'urorin da ke kan layi. Kada ka kuskura. Ni ma na taɓa yi a wata masana'anta, nan take tsohuwar PLC, 'yar kwamfutar da ke sarrafa injin, ta sandare, injin cika buhu ya tsaya cak, muka shafe rabin yini muna cigiyar wanda ya iya tayar da ita. Irin waɗannan na'urori ba sa jure ruwan tambayoyi kamar kwamfutar ofis.

Da ƙafa ake farawa. Ɗauki littafi da biro, ka ja tsohon ma'aikacin wurin ku zaga tare, domin ya san abin da takarda ba ta sani ba. Buɗe kowane akwatin lantarki, bi kowane kebul har inda ya ƙare. Abin da kake farauta shi ne 'yar na'urar intanet mai sim wadda ɗan kwangila ya maƙala don ya riƙa gyara daga gida, ya tafi bai gaya wa kowa ba. Ka duba bayan akwati da saman silin. Haɗarinta kuwa, yaren Modbus da na'urori da yawa ke magana da shi tun 1979 ba ya tambayar waye kai. Duk wanda ya iso ya ba da umarni, za a bi. Wannan zagaye zai iya cin mako guda, amma ko sisi ba za ka kashe ba.

Daga nan sai kalmar sirri. A Nuwamba 2023 an kutsa PLC ƙirar kamfanin Unitronics ta hukumar ruwan Aliquippa a Amurka, na'urar da ke fitowa daga kamfani da lambar sirri 1111. Canza duk wadda ka tarar. Asusun wanda ya bar aiki kuma a rufe shi ranar da ya tafi: ta wani tsohon asusun VPN (hanyar shiga layin kamfani daga nesa) marar tabbaci na biyu bayan kalmar sirri aka shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka a 2021, kamfanin ya biya kuɗin fansa kusan dala miliyan 4.4. A wurina, ɗan kwangila ba ya shiga daga nesa sai ya kira an buɗe masa, yana gamawa a rufe.

Sauran ka sani. Raba layin ofis da na injina da katangar tsaro (firewall), ko mai araha ce ta fi babu. Hana cusa filash barkatai, ƙwayar cutar kwamfuta ta Stuxnet ma da shi ta riƙa yaɗuwa. Kwafi shirin kowace PLC ka adana inda intanet ba ta kai.

Sannan ku gwada tafiyar da injin da hannu ko sau ɗaya a shekara. Ranar 23 ga Disamba 2015 da 'yan kutse suka kashe wa kimanin masu mita 225,000 wuta a Yukren, ma'aikata ne suka bazu tashoshi suka mayar da ita da hannu.