Yadda ake haɗa bayan babbar kamara ta 4x5 a gida

Babbar kamara mai zugazugi, irin wadda mai hoto ke lulluɓa da baƙin ƙyalle kafin ya ɗauka, sau da yawa ba ta isowa hannun mutum cikakkiya. Za ka sami gangar jiki da zugazugi, wani lokaci har da ido, wato gilashin gaba da haske ke shiga ta cikinsa, amma baya ya ɓata ko gilashinsa ya fashe. Odar sabo daga Turai kuwa yana iya yin tsada. Kafinta mai natsuwa a Zango ko Sabon Gari zai iya yin wannan bayan, in dai an fahimtar da shi cewa a cikin duk aikin awo ɗaya ne ba ya karɓar "kusan haka". Sauran duk aikin katako ne na yau da kullum.

Aikin baya guda biyu ne. Yana riƙe gilashin saiti, mai fuska ɗaya kamar hazo, inda hoto ke fitowa a kife kai ƙasa don ka daidaita kaifinsa. Sannan idan ka tura shasi, wato gidan fim, gilashin ya ja da baya, fim ya zauna daidai inda fuskar gilashin take ɗazu. In wuraren nan biyu suka saɓa, abin da ka gani da kaifi a gilashi zai fito a dushe a fim, kome kyan idon kamararka.

Kada a yanka ko sili ɗaya sai shasi yana hannu

Shasin 4x5 na zamani, wato na fim mai inci 4 da 5, irin na Fidelity ko Lisco ko Toyo, girmansu na waje ɗaya ne, kuma shasin santimita 9x12 na Turai na zamani ma yana shiga gurbi ɗaya da su. Faɗinsa kusan mili 121. Zurfin da ke tsakanin fuskar shasi da wurin fim, bisa ƙa'idar ANSI ta Amurka, inci 0.197 ne, wato mili 5.0, da sassaucin mili 0.18 gaba ko baya. A 5x7 zurfin ya kai kusan mili 5.8, a 8x10 kuma 6.6. Amma tsofaffin shasin katako da na faranti na da ba su bin wannan ƙa'ida, don haka naka za ka auna.

Ka ari ma'aunin nan mai baki biyu na makanikai, piye a kulis, wanda ke da ɗan tsinke a wutsiya na auna zurfi. Sa lalataccen fim ɗaya a cikin shasi, zare murfin, ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a gicciye a kan fuskar shasin, ka auna daga saman ƙarfen zuwa fim, sannan ka cire kaurin ƙarfen. Yi haka a kusurwa huɗu da tsakiya, a fuskokin shasin duka biyu. Da fim a ciki yawanci za ka sami tsakanin 4.8 da 5.0, domin fim kansa yana da kaurin kusan mili 0.18. In takardar hoto za ka riƙa sawa maimakon fim, da ita za ka auna, don ta ɗan fi kauri. Lambar da ka samu ka rubuta ta a jikin bango in ka ga dama.

Me ya sa ake wannan tsanani? A 4x5, sassaucin kaifi a wajen fim shi ne lambar buɗin ido, wato lambar f, sau mili 0.1. A f/22 kana da fiye da mili biyu gaba da baya, kuskure ya ɓuya. A f/5.6 kuwa abin bai wuce mili 0.56 ba. Kuskuren rabin mili ya kusa cinye shi kaf, kuma hoton fuskar mutum a inuwar zaure, inda haske ke da ƙaranci, a buɗe ake ɗaukarsa.

Katako

A nan yanayin garinmu ke shigowa. Katako ɗan asali yana tsukewa a bushewar hunturu da zafin Afrilu, ya kumbura a damshin Agusta, kuma a faɗinsa da kaurinsa yake motsi. Bayan da aka yi da jan katako a watan Janairu yana iya ƙin karɓar shasi da damina. Filawud mai kyau, mai yadudduka da yawa, ya fi zama lafiya. Ka zaɓi guntun da ya daɗe a shago, ka kwantar da shi a kan gilashi ka ga ko yana rawa. In yana rawa, bar shi. Abin da za ka buƙata: filawud mai mili 6 da mai mili 4, sili biyu masu kaurin mili 10 zuwa 12, ƴan guntayen alminiyom masu kaurin mili 4 daga wurin masu haɗa taga, gilashin firam mai mili 2, ruwan zarton ƙarfe guda ɗaya, ƙananan sukurori, farin gam na katako, da baƙin fenti marar sheƙi. Fentin allon makaranta yana yi sarai.

Allon gindi da layukansa

Allon gindi shi ne ke mannuwa da kamara. A yi shi murabba'i daidai, girman firam ɗin bayan kamararka, misali mili 170 kowane gefe, don ka iya cire shi ka juya, hoto a tsaye ko a kwance. Yadi biyu ne: mai mili 6 a waje, mai mili 4 a manne a ciki, an rage shi yadda zai faɗa cikin bakin firam ɗin. Wannan ƴar matakalar ita ke hana haske shiga, domin haske ba ya shan kwana. A tsakiya a huda taga mai mili 98 da 122. Ta ciki a zaftare gefen tagar a karkace, don kada kaurin katako ya yi wa gefen hoto inuwa idan ka sa ido mai faɗin gani.

Ɗora shasi a kan allon, tagarsa ta dace da tagar allo, ka zana gefensa da fensir. Manna sili biyu a dogayen gefuna, da ɗan guntu a ƙarshe inda shasi zai tokare. Tazarar silin ta fi faɗin shasi da rabin mili kawai. Hanya mai sauƙi: sa katin waya ko takarda ninki huɗu a gefe ɗaya lokacin da kake matsewa, ka cire bayan gam ya kama.

Yanzu duba fuskar shasin ta wajen da murfi ke zarewa. Akwai ɗan tudu siriri a gicciye. Tudun nan yana faɗawa cikin kwari a jikin allo, ya tare haske, ya kuma hana shasi biyo hannunka idan ka zare murfi. Shafa masa alli, danna shasin a wurinsa, ka ga inda alamar ta fito, ka sassaƙa kwarin a nan, faɗi kamar mili 3, zurfi ya ɗan fi tsayin tudun. Masu yi da yawa nan suke faɗuwa. In kwarin bai yi zurfi ba, shasi ya hau kan tudunsa ya karkace, sai gefe ɗaya na hoto ya yi kaifi, ɗayan ya dushe, ga kuma farin zane na haske a bakin fim. Mutum ya yi ta zargin ido, alhali laifin na mili ɗaya ne a katako.

Fuskar da shasi ke kwanciya a kai kada a lika mata ƙyalle ko soso da sunan tare haske. Abu mai taushi yana lotsawa yau da gobe, awo ya canza. Ko fenti mai kauri bai dace a nan ba. Baƙar tawada ko alƙalamin maka ya isa.

Gilashin saiti

Mai yanka gilashi ya yanka maka mili 100 da 127, guda biyu ko uku, don ɗaya zai fashe. Ya datse kusurwoyi huɗu kamar mili 8. Ta nan iska ke fita idan ka matse zugazugi, ta nan kuma kake leƙawa ka ga ko ido yana kai haske har kusurwa.

Mafi kyawun abin gogewa shi ne garin silikon kabaid mai lamba 600. In bai samu ba, man da makanikai ke goge bawul da shi, ɓangaren mai laushi, yana yi, sai dai hazon yakan fito da manyan ƙwayoyi. Baƙar sanfefar ruwa mai lamba 600 ta masu fentin mota ma tana ci, amma a hankali ƙwarai. Yashi kada ka ko gwada: ƙwayoyinsa ba girma ɗaya ba ne, ƙarce kawai zai bari. Shimfiɗa jiƙaƙƙiyar jarida a kan tebur mai santsi, ɗora gilashin, zuba rabin cokalin shayi na garin da ɗigon ruwa, ka riƙa murzawa da wani ɗan guntun gilashi mai kauri kamar santimita 5 da 5, kana zagayawa ƙanana ƙanana, ba dannawa da ƙarfi. Da farko za ka ji ƙara mai kaushi, can sai ta koma laushi, alamar garin ya mutu, ka ƙara sabo. Bayan minti 15 zuwa 20 ka wanke, ka bari ya bushe sarai, domin jiƙaƙƙen gilashi yana ɓoye aibinsa. Ɗaga shi a karkace wajen haske. Duk inda ya rage yana sheƙi, koma kansa. Gefuna ne suka fi taurin kai.

Firam ɗin gilashi, inda lambar nan ke aiki

Firam ɗin faɗinsa daidai da na shasi, don a gurbi ɗaya suke zama. A yi shi da filawud mai mili 6 ninki biyu, da taga a tsakiya wadda gilashi zai faɗa. Gilashin ba a kan katako zai zauna ba. A ciki, kusa da kowace kusurwa, a ɗaure guntun alminiyom mai mili 4 yadda ƙasansa zai yi daidai da fuskar firam, yana taɓa allon gindi kai tsaye. Ta haka tazarar gilashi daga allo ta dogara da ƙarfe, ko katako ya kumbura ba ruwanta. Abin da ya rage zuwa lambarka, misali mili 0.9, a cike shi da siraran yanka a kan kowane guntu. Jikin gwangwanin lemo kaurinsa kusan mili 0.1 ne, almakashi na yanka shi. Gara a fara da ƙasa da awo a riƙa ƙari, don ƙari minti biyu ne, ragi kuwa sai magagari.

Fuskar hazo ita ke kallon idon kamara, mai santsi tana kallonka. Wanda ya juya ta ya tura wurin saiti baya da fiye da mili ɗaya. A danne gilashin da ƴan ƙananan faranti na gwangwani a kan sukuru, da ɗan yankin roba a ƙarƙashi, ba matsewa sosai, don zafin rana kan fasa gilashin da aka shaƙe. In ka sami faifan Fresnel na ƙara haske, ɗora shi ta bayan gilashi, wajen idonka, inda ba zai taɓa awo ba.

Sifirin

Raba ruwan zarton ƙarfe gida biyu, tsawonsa mili 300 ne, kowane rabi ya isa. Ka nemi mai lanƙwasuwa, don mai tauri duka ɓallewa yake yi. Goge haƙoran a injin wasa. Huda irin wannan ƙarfe wahala ce, saboda haka a kwantar da tsakiyarsa a kan sili, a danne da ɗan farantin alminiyom da sukuru biyu a gefensa. Bakunansa biyu su danna kan wasu sukurori da suka fito daga gefen firam ɗin gilashi. Firam ɗin ya iya ɗagawa kamar mili 13, shasi ya shige. Ga gwajin ƙarfinsa: da shasi a ciki, kifa allon ka girgiza, kada ya motsa, amma kuma ya shiga da hannu ɗaya ba tare da ture kamarar daga saitinta ba. Robar tayar keke tana iya riƙewa na ɗan lokaci, sai dai zafin bazara yana tsinka ta, kuma ba ta sallama kafin ta tsinke.

A kama allon da kamara da ƴan sakatu biyu a sama, ƙugiya biyu a ƙasa. A shafe ciki da baƙin fenti, waje da banis, har da bakin filawud inda damshi ke shiga.

Gwaji kafin a ɓata fim mai tsada

Da dare, a ɗaki mai duhu, kunna ƙaramar tocila a cikin zugazugi, rufe idon kamara, sa shasi, zare murfinsa. Zauna minti biyar idonka ya saba, sannan ka zagaya. Daga nan sai gwajin rana: sa takardar hoto, fita tsakar gida da azahar, idon kamara a rufe, murfi a zare, ka juya kamarar kowane gefe na minti biyu ko uku. In an wanke takardar ta fito fara fat, babu yoyo.

Gwajin kaifi kuwa, jera akwatunan ashana bakwai a karkace a kan tebur, santimita biyu tsakanin kowanne da na bayansa, nisan kamar mita ɗaya da rabi daga kamara. Yi wa na tsakiya alama, buɗe idon kamara gaba ɗaya, saita a kansa da gilashin ƙara girma mai ninki huɗu zuwa shida, ka ɗauka. In kaifi ya faɗa kan akwatin da ya fi kusa da kamara, fim ya fi gilashi nisa da ido, sai ka ƙara yankan gwangwani. In ya faɗa kan na baya, gilashi ya yi nisa, sai ka rage. Ƙara ko rage ɗaya ɗaya, a kusurwa huɗu tare. Takardar hoto ta isa wannan gwaji, a lissafa ta kamar ISO 3 zuwa 6, haka ma fim ɗin hoton ƙashi na asibiti da aka yanka, wanda ake iya sarrafawa a ƙarƙashin jan haske mai rauni, amma fuskokinsa biyu duk suna da magani, yana saurin ƙarcewa.

Ƙurar hunturu tana taruwa a cikin kwarin nan da ƙarƙashin firam, har ta ɗaga shi. A share su da busasshen burushi kafin a fita, a ajiye shasi cikin leda mai zif, a zare murfi a hankali don gogayyar sauri a busasshiyar iska tana jawo ƙura kan fim. A sake gwajin ashana sau ɗaya a tsakiyar damina, sau ɗaya kuma bayan sanyi ya shiga.