Yadda za ka kare itatuwan gida daga gizaka

Da damina ta kankama, gizaka kan cika bishiyoyin tsakar gida, ta cinye ganye. Abin da ya fi damuna shi ne yara, domin gashinta yana haddasa ƙaiƙayi da borin jiki, ko da ta mutu.

1. Riƙa duba bayan ganye sau biyu a mako. Ganyen da ka ga ƙwai ko ƙananan tsutsotsi sun taru a kai, tsinke shi.

2. Kafin ka taɓa komai, sa riga mai dogon hannu da safar hannu, ka kare hanci da ido.

3. Ɗaura tsohon buhun algarara a gindin bishiyar, ka naɗe bakinsa ƙasa. Yawancin gizaka da dare suke ci, da rana su nemi mafaka, sai su taru a cikin buhun. Kullum da hantsi ka kakkaɓe su cikin bokitin ruwan sabulu.

4. Daka ƙwallon darbejiya busasshe gram 500, ka jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana. Tace, ka ɗan zuba sabulu, ka fesa da yamma. Maimaita bayan mako guda. Ya fi aiki a kan ƙanana.

5. Don Allah kada ka ƙone su, iska za ta watsa gashin. Yayyafa ruwa kafin shara, ka binne abin da ka tara.

Idan gizaka ta taɓa yaro, kada ya sosa. Cire gashin da salatif, a wanke da sabulu. In numfashi ya yi wuya ko ido ya kumbura, sai asibiti nan take.