Darasi na 6: Tsadar Hatsi da Abin da Hekta Ɗaya Ke Bayarwa

Idan hatsi ya yi tsada, manomi yakan yi sha'awar ƙara noma. Amma abin da ya shuka ya riga ya shuka, sai damina ta zagayo zai iya ƙarawa. Shi ya sa hatsi ba ya ƙaruwa a kasuwa sai bayan shekara guda da tashin farashi.

Hanyar ƙara hatsi biyu ce: a faɗaɗa gona, ko a sa kowace hekta ta ba da fiye da na bara. Ta farko tana da iyaka, domin ƙasa ba ta ƙaruwa.

Mu ɗauki masara. A bar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami, tsiro ɗaya a kowane rami. Da haka hekta za ta ɗauki tsiro kusan 53,000, iri kilo 20 zuwa 25 kuma ya isa. Wanda ya warwatsa shuka, ciyawa ya bar wa fili. Takin NPK a sa shi cikin mako biyun farko. Yuriya kuwa sai mako na huɗu zuwa na shida, kuma a binne ta a ƙasa mai laima. Kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, wato sinadarin da ke sa tsiro girma, in aka watsa ta a sarari cikin zafi, wani kaso nasa iska yake bi. A nan kuɗin manoma da yawa ke salwanta.

Duk wannan kashe kuɗi ne, kuma ba mai kashewa sai ya san ribar aljihunsa za ta shiga. A ƙasar Sin, daga 1978 aka fara damƙa wa iyalai gonakin gamayya, a 1979 gwamnati ta ƙara kuɗin da take sayen hatsi. Abin da ƙasar ke girbewa ya tashi daga tan miliyan 305 a 1978 zuwa miliyan 407 a 1984.

Akwai tarko ɗaya. In kowa ya ruga ga hatsin da ya yi tsada bara, da kaka farashinsa yakan faɗi warwas. Mai iya ajiya ya busar da masararsa har laimarta ta sauko zuwa kashi 13 cikin 100, ya jira.

Aiki: rubuta yawan buhunan da ka samu bara, ka raba da yawan hektocin gonarka.