Yadda Ake Haɗa Kundin Tunawa na Ɗaliban Ajin Ƙarshe na Sakandare

A ranar da aka rubuta takardar ƙarshe ta jarrabawar NECO, 'yan makarantar kwana sukan ɗaure akwatunansu, 'yan jeka-ka-dawo su kama hanyar gida, kuma daga wannan rana da wuya a sake tara 'yan ajin nan gaba ɗaya a wuri guda. Rubutun da ake yi wa juna a jikin farar riga wanki biyu ne ke tafiya da shi, hotunan waya kuwa sukan bi wayar idan ta ɓata ko ta lalace. Kundin tunawa ɗan littafi ne da ɗaliban aji uku na babbar sakandare ke haɗawa da kansu, su zuba abin da ya gudana tsakaninsu cikin shekara shida, da abin da kowannensu ke hange a gabansa. Aikin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, amma yana buƙatar a fara da wuri, kuma a tsaya a kan sharaɗi ɗaya: kada a bar ko mutum ɗaya a waje.

Mataki na farko: izini, kwamiti da lokaci

Ku fara da malamin ajinku, shi kuma ya kai maganar ga shugaban makaranta, domin littafin da zai ɗauki sunan makaranta da hotunan ɗalibanta bai kamata ya fito ba tare da sanin hukumarta ba. Daga nan sai a kafa kwamiti na mutum biyar zuwa bakwai, a samu wakili daga ajin kimiyya, da na fasaha, da na kasuwanci, idan kuma makarantar ta maza da mata ce a sa kowane ɓangare. Kada a cika kwamitin da shugabannin ɗalibai kaɗai, saboda su ma suna da abokansu da waɗanda ba sa ga maciji da juna, kuma hakan yakan bayyana a shafukan littafi.

Lokacin farawa shi ne zangon farko, tun daga watan Satumba ko Oktoba. Duk wani rubutu da hoto ya kamata ya shiga hannun kwamiti kafin ƙarshen zango na biyu, domin da zarar jarrabawar JAMB ta matso, ta WAEC ta biyo baya a watannin Mayu da Yuni, NECO kuma ta ɗora a kai, babu ɗalibin da zai saurari maganar kundi, kuma bai dace ma a ɗauke masa hankali ba.

Mataki na biyu: cikakken jerin sunaye

Ku karɓi rajistar aji daga hannun malami, ku kwafe sunan kowa, sannan ku bi mutum ɗaya bayan ɗaya ya duba yadda aka rubuta sunansa. Wani Muhammad yake rubutawa, wani Muhammadu, wata A'isha, wata Aishatu, kuma babu abin da ke saurin ɓata wa mutum rai kamar ya buɗe littafi ya ga an sauya masa suna. Idan rajistar aji ɗaya na ƙaramar sakandare tana nan, ku nemi a ba ku ita, domin a cikinta za ku ga waɗanda aka faro tafiyar da su amma ba a kai ƙarshe tare ba: wadda aka aurar tana aji huɗu, wanda aka yi wa mahaifinsa canjin wurin aiki, wanda rashin kuɗin makaranta ya mayar da shi kasuwa, da wanda Allah ya yi wa rasuwa. A ware musu shafi. Game da mamaci, a je a gaida iyayensa a nemi yardarsu kafin a sa hoto ko a rubuta wani abu, kuma a taƙaita a kan halinsa na kirki da addu'a.

Mataki na uku: tattara abubuwan tunawa

Nan ne kundi ke yin kyau ko ya lalace. Idan aka miƙa wa ɗalibi farar takarda aka ce ya rubuta abin da yake tunawa, abin da za a samu shi ne godiya ga malamai da fatan alheri ga abokai, kalmomi iri ɗaya daga mutum ɗari, waɗanda babu mai sake karanta su. Maganin wannan shi ne a yi tambayoyi ƙanana masu neman amsa takamaimiya. A tambayi mutum wa ya fara yi masa magana a ranar da aka kawo shi makaranta, da abin da ya ce masa. A tambaye shi wane horo ne aka taɓa ba shi wanda har yau yake ganin bai cancanta ba, wane darasi ne ya gagare shi har sai da wani aboki ya zaunar da shi a gindin darbejiya ya warware masa, wa ya raba garin kwaki da shi a lokacin da guzurinsa ya ƙare kuma ranar ziyara ba ta zo ba. A tambayi 'yan jeka-ka-dawo yadda suke isowa makaranta da sanyin hunturu, da dabarar da suke yi idan sun tarar an rufe ƙofa ana taron safe. Irin waɗannan tambayoyi ne ke fito da ƙarar ƙararrawar asuba, da layin gabza a ɗakin cin abinci, da ranar da gidan da kullum yake zuwa na ƙarshe ya lashe gasar wasannin gidaje.

Akwai ɗaliban da ba su iya zuba magana a takarda ba, amma idan aka zauna da su hira sai a sha mamaki. A tura musu ɗan kwamiti da waya ya naɗi muryarsu, ya rubuta, ya karanta musu su amince. A ganina, rubutun ɗalibin da ya yi shekara shida a kujerar baya ba tare da an taɓa kiran sunansa a ranar raba kyaututtuka ba ya fi na kowa cancantar a bi shi a nema, domin shi ne wanda aka fi saurin mantawa da shi, kuma sau da yawa shi ne ya fi kowa lura da abin da ke gudana a aji.

A bar kowa ya rubuta da harshen da ya fi sakewa da shi, Hausa ko Ingilishi ko Larabci, wanda kuma yake son ajami a ɗauki hoton rubutun hannunsa a sa yadda yake. Gyaran kwamiti ya tsaya a kan kuskuren rubutu, kada a goge salon maganar mutum har ya zama ba a gane shi.

Laƙabi da barkwanci suna buƙatar taka-tsantsan. Tsokanar da ke tsakanin Bakano da Bazazzagi, ko Bafulatani da Babarbare, tana da daɗi a baki saboda ana ganin fuskar mai yin ta, amma a takarda babu murmushin da zai raka ta, kuma 'ya'yan mutum za su iya karanta ta bayan shekara ashirin. Kada a buga laƙabin kowa sai ya yarda da bakinsa, kuma duk abin da ya taɓa halittar mutum, ko talaucin gidansu, ko addininsa, ko wani abin kunya da ya taɓa faruwa da shi, a cire shi ko da duk aji na ganin abin dariya ne.

Ku tuna da waɗanda ba sa riƙe alli. Maigadi, da masu dafa abinci, da mai kula da ɗakin shan magani, da iyar da ke sayar da awara a bakin ƙofa, duk sun ga girmanku, wasu ma sun ba ku bashi. A nemi izininsu a ɗauki hotonsu, a rubuta sunan da ɗalibai ke kiran su da shi cikin girmamawa.

Yana da kyau kuma a yi shafi guda na abin da ƙasa ta shiga a shekarun da kuka yi a makaranta. Ajin da ya ga rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, ko ƙarancin takardun naira a farkon 2023, ko tashin kuɗin mota bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, yana da labarin da ya kamata a rubuta da bakin waɗanda abin ya shafa. A rubuta har da farashin biredi, da biro, da kuɗin adaidaita sahu daga unguwa zuwa makaranta a shekarar kammalawa.

Mataki na huɗu: shafukan hangen gaba

Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921 kafin ta koma Kaduna sannan ta zauna a Zariya, ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ahmadu Bello, da Shehu Shagari, da Yakubu Gowon, da Murtala Muhammad. Dukansu sun taɓa zama yara masu jiran a kaɗa ƙararrawa, kuma da a ce kowannensu ya bar shafi guda na abin da yake buri yana ajin ƙarshe, da yau masana tarihi suna rububinsa. Burin ɗan shekara goma sha bakwai abu ne mai daraja ko da bai cika ba, saboda yana nuna yadda matasan wani zamani suka kalli duniyarsu.

Matsalar ita ce idan aka tambayi aji abin da kowa yake son zama, rabi za su ce likita, sauran su raba lauya da injiniya da soja, ba don haka ne a zuciyarsu ba, sai don waɗannan ne amsoshin da ake tafa wa. Domin a samu gaskiya, a sauya tambayar. A ce wa ɗalibi ya kwatanta wata ranar Talata a rayuwarsa bayan shekara goma: a wane gari ya farka, da wa yake zaune, ina ya nufa bayan ya karya kumallo, wace matsala ce ta unguwarsu ko ƙauyensu yake fatan ya sa hannu an magance. Sannan a ƙara tambaya ta biyu, wadda na fi ba muhimmanci: idan hanyar farko ba ta buɗe ba, wacce zai bi? Jami'a tana neman kiredit biyar har da Ingilishi, ga makin JAMB, kuma kowace shekara masu neman gurbi sun fi guraben yawa. Wanda ya rubuta cewa zai shiga kwalejin ilimi ko ta kimiyya da fasaha, ko makarantar koyon aikin jinya, ko zai koyi gyaran waya, ko zai bi mahaifinsa Kantin Kwari, ko zai yi noman rani a Kadawa, da wadda ta ce za ta yi aure ta buɗe shagon ɗinki kuma ta ci gaba da karatu, a ba su fili daidai da na mai son zama likitan ƙwaƙwalwa, da girman harafi iri ɗaya. Kada kwamiti ya jera burace-burace daga babba zuwa ƙarami. A bi jerin sunaye kawai.

Akwai abin da mutum ba zai so a buga ba, kamar tsoronsa, ko alƙawarin da ya ɗaukar wa mahaifiyarsa. Don haka kowa ya rubuta wa kansa wasiƙa ta daban, ya sa a ambulan ya liƙe, ya rubuta sunansa a baya. Shekara goma ta fi biyar dacewa da buɗe su, domin karatun likita shekara shida ne, na lauya biyar da ƙarin shekara a makarantar horon lauyoyi, ga shekarar bautar ƙasa, kuma yajin aikin malaman jami'a irin na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, yana iya tsawaita komai.

Mataki na biyar: hotuna, kuɗi da bugu

A ɗauki hoton kowa a rana ɗaya, a wuri ɗaya, cikin kayan makaranta, da safe a inuwa mai haske, don kada bambancin sutura ya nuna mai shi da marar shi. Wadda iyayenta ba su yarda a buga hotonta ba, a sa rubutun hannunta a gurbinsa. Idan za a tura hotuna ta WhatsApp, a tura su a matsayin fayil, domin turawa ta yau da kullum tana rage musu inganci sai su fito dishi-dishi a takarda. Kada a buga lambar waya ko kwatancen gidan kowa, musamman 'yan mata, saboda littafi yana shiga hannun da ba a zata ba. A tara waɗannan a wani littafin rajista na daban, tare da lambar wani ɗan'uwa na kowane ɗalibi, tunda layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yakan sayar wa wani.

Ku tambayi farashi a maɗaba'a uku kafin ku yanke abin da kowa zai bayar. Girman rabin takardar A4, da bango mai launi da shafukan ciki baƙi da fari, shi ne mafi sauƙi, kuma idan ɗinkin tsakiya za a yi, adadin shafuka sai ya rabu da huɗu. Ma'aji ya rubuta duk abin da ya karɓa, malami ya sa hannu, a nemi gudummawar ƙungiyar iyaye da malamai da ta tsofaffin ɗalibai domin wanda bai iya biya ba shi ma ya samu kwafinsa ba tare da an sanar da kowa ba. Kafin a buga duka, a karɓi kwafin gwaji, mutum uku su karanta, su lura musamman da haruffan ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda wasu nau'o'in rubutun kwamfuta ke mayarwa akwati ko alamar tambaya.

Mataki na shida: rabo da ajiya

A raba kundin a ranar bikin yaye ɗalibai, a bar shafuka biyu farare a ƙarshe domin sa hannun abokai da malamai. A kai kwafi ɗaya ɗakin karatu na makaranta, ɗaya ga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, a kuma ajiye na kwamfuta a hannun mutum uku daban-daban. Wasiƙun kuwa a naɗe su a leda a sa a akwatin ƙarfe saboda gara da danshi, kada a binne su a ƙasa, a damƙa wa malami ɗaya da ɗalibai biyu amanarsu a rubuce. Ranar buɗewa a zaɓi lokacin da mutane ke dawowa gida, wato bayan Sallah ko hutun ƙarshen Disamba, gwargwadon yadda ajin yake. Idan Sallah aka zaɓa, tunda takan matso da kimanin kwana 11 kowace shekara, kada a sa kwanan watan Bature. A rubuta a bangon baya cewa za a haɗu a harabar makaranta kwana biyu bayan Babbar Sallah ta shekarar da aka amince, da ƙarfe goma na safe.